Tawada a Kunnen Tsinke

Wata ranar Lahadi cikin watan Agustan 2009, Davou da matarsa Olive sun dawo daga coci ke nan, ko takalmi bai cire ba, sai ga motar Desmond ta tsaya a ƙofar gidansu da ke Germantown. Desmond yayan Olive ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin Kagoro. A Lanham yake zaune, sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma bai saba zuwa ba tare da ya bugo waya ba.

Bai shigo ba. Daga jikin mota ya yafito Davou da hannu.

"Likita, zo ka duba mini wani abu."

Tun a Jos yake kiransa Likita. Davou ya karanta likitancin dabbobi a Zariya, ya yi shekara tara yana aiki a Vom, amma da ya zo Amurka takardarsa ba ta isa ta ba shi damar zama likita ba sai ya sake wata jarrabawar. Don haka mataimaki ne a wani ƙaramin asibitin dabbobi da ke unguwarsu. Shi ke riƙe dabba, shi ke ɗibar jini da ɗaukar hoton ƙashi, mai asibitin, Dakta Edna, ita ke yanke magana.

A kujerar baya akwai karya kwance a kan tsohon bargo. Irin karnukan tseren nan ce da ake kira greyhound, doguwa, baƙa, mai siririn ƙugu da faffaɗan ƙirji. Davou bai taɓa ganinta ido da ido ba, amma ya san labarinta sarai, don shekara guda ke nan Desmond ba shi da wata hira sai tata. Ya saye ta ne da niyyar ta riƙa yi masa tsere. Da yake babu filin tseren karnuka a Maryland, sai ya ajiye ta can West Virginia, tafiyar awa huɗu da wani abu, a hannun wata mai horar da karnuka da ake kira Constance. Sunan karyar na takarda Kagoro Hill. Olive kuwa tun ranar da ta ga hotonta ta ce wannan ai tsinke ce, sunan kuma ya bi ta.

"Me ya same ta, Yaya?"

"Ɗingishi take ɗan yi. Gajiya ce kawai. Ka duba ta a nan gida, ka ba ta abin da ya kamata."

"Mu kai ta asibiti mana. Ina da makulli."

"A'a, ba sai an kai ga asibiti ba. Ƙaramin abu ne."

Davou ya dube shi. Desmond yana kallon titi.

Ta ƙi saukowa da kanta, sai da suka ɗauko ta su biyu suka kai ta gareji. Davou ya cire kwat ɗin coci ya durƙusa. Da ya shafa bayanta sai ya ji naman ya yi tauri kamar katako, ita kuma ta gantsare ta yi ɗan ƙara. Karnukan tsere dama ba su da ƙiba, amma wannan ramar ta wuce ta tsere, ƙasusuwan ƙugunta sun fito fili. Ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya siɗe, wani wurin har ya yi ja. Gaɓar ƙafar baya ta dama ta kumbura, ga zafi.

"Yaushe ta yi gudu na ƙarshe?"

"Ranar Juma'a."

"Kafin nan fa?"

"Asabar ta wancan makon. Duk kwana shida take fita, haka tsarin Constance yake. In ba ka yarda ba ka duba a intanet, komai yana rubuce."

Davou bai ce bai yarda ba. Ya sha ganin irin waɗannan karnukan a asibitinsu, don wata ƙungiya tana kawo waɗanda suka daina tsere a duba su kafin a ba masu son riƙo. Ya san yadda jikin kare yake in ana ba shi hutunsa. Wanda ke gudu duk kwana shida ba ya zama haka.

"Tseren nan duka daƙiƙa talatin ne fa," in ji Desmond. "Ko da ta ƙara a kan haka, mene ne daƙiƙa talatin?"

"A daƙiƙa talatin ɗin take ƙarar da duk abin da ke jikinta. Naman yana yayyagewa ne a ciki inda ido ba ya gani. Kwana biyun farko daga kwanciya sai ɗan tattaki, a mammatsa mata jiki, ta ci ta sha. Sannan a hankali a fara sakinta. In aka mayar da ita fili kafin ya haɗe, sabon rauni ne a kan tsoho." Ya ɗago kai. "Amma me ya sa ka ce ko da ta ƙara? Ta ƙara ne?"

"Misali na ba ka."

Ana cikin haka karyar ta miƙe da ƙyar, ta taka zuwa bakin gareji ta yi fitsari a kan siminti. Fitsarin ya fito kalar baƙin shayi. Davou ya tsaya yana kallonsa.

"Yaya, wannan ba gajiya ba ce. Naman jikinta ne ke narkewa yana bi ta ƙoda. Tana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya."

"To ka sa mata a nan."

"Da me zan sa mata?"

Wayar Desmond ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya mayar. Can ta sake yin ƙara, sai ya kashe ta gaba ɗaya. Olive ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ya ce ta yi haƙuri, akwai wani aiki da ke jiransa a Greenbelt. Ya sauke buhun abincin karyar da igiya da takunkuminta na roba, ya ce zai dawo gobe da yamma. Har ya tayar da mota ya sake sauke gilashi.

"Likita, na roƙe ka, kada sunanta ya shiga takardar kowa."

Bayan ya tafi Davou ya shimfiɗa mata katifar soso, ya riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan da sirinji. Ya bugo wa Dakta Edna, wayarta ta shiga saƙo, don ranar Lahadi takan tafi wurin mahaifiyarta. Ya bar mata saƙon cewa gobe zai zo da mara lafiya da sassafe. Yana tattara kayan da Desmond ya bari ne ya lura da takunkumin. An manna masa farar filasta a gefe, an rubuta suna da biro, kamar yadda ake yi a ɗakunan karnuka don kada na wani ya shiga na wani. Sunan da ke jiki ba Kagoro ba ne. Penny aka rubuta.

Da farko ya ɗauka kuskure ne, mai sauri ya ɗauko na wata. Amma takunkumin ya zauna a bakin Tsinke daidai, kuma baƙin gashinta ne maƙale a maɗaurin.

Ya juya kunnenta na dama. Duk karen tsere ana yi masa lamba a cikin kunne tun yana ɗan kwikwiyo, da koriyar tawada mai shiga fata: watan haihuwa, shekara, sai harafi ɗaya da ke nuna ko shi ne na nawa a cikin 'yan'uwansa. Da wannan lambar ake tantance kare kafin a sa shi a tsere. Na Tsinke ya nuna 47G. Lambobin sun kwana biyu, sun dusashe, amma 'yar ƙugiyar da ke ƙasan harafin ta fi sauran haske. Davou ya shiga gida ya ɗauko auduga da sifirit ya goga a hankali. Audugar ta fito da kore. Da ya sake dubawa, harafin ya koma C.

Ya daɗe a durƙushe da audugar a hannu. Sannan ya sa ta a leda ya ƙulle.

A kwamfutar da ke falo ya buɗe shafin da ake ajiye sakamakon tsere. Desmond bai yi ƙarya ba: Kagoro Hill tana fita duk kwana shida, ba fashi. Sai ya danna jerin 'yan'uwanta da aka haifa tare. Su takwas ne. Ta bakwai, wato mai harafin G, sunanta Valley Penny, baƙa ce ita ma, a hannun Constance take, kuma Constance ɗin ce mai ita. Daga Maris zuwa Mayu Penny ba ta taɓa wuce ta shida ba. A watan Yuni ba ta fito ba sam. Daga farkon Yuli kuwa ta dawo kamar an canja ta, ta ɗaya, ta biyu, ta ɗaya. Davou ya ɗauko kalandar coci daga bango ya riƙa sa alama, ja ga Kagoro, shuɗi ga Penny. Ba su taɓa fita rana ɗaya ba. Kullum ɗaya tana faɗowa a tsakiyar hutun ɗayar. In karya ɗaya ce ke amsa sunayen nan biyu, to mako bakwai ke nan tana gudu duk kwana uku, sau biyu ma kwana biyu ne kawai tsakani.

Olive ta same shi a haka. Ma'aikaciyar jinya ce, ba sai an yi mata dogon bayani a kan baƙin fitsari ba. Ya nuna mata kalandar da audugar. Ta zauna ta bi alamomin da yatsa.

"Matar nan ta cuce shi," ta ce.

"Ta cuci karyar dai."

"Me kake nufi, Baban Sophia?" Da sunan 'yarsu da ke jami'a a Baltimore take kiransa.

"Wanda bai san komai ba, me zai hana shi zuwa asibiti?"

"Ka san halin Yaya da tsoron takarda."

"Sau nawa yake zuwa can a wata?"

Su duka sun san amsar. Tun da aka shiga bazara kusan kowane mako yana kan hanya, wani lokacin ma a tsakiyar mako, har abokan cinikinsa suna kuka da shi.

"Yayana ne," ta ce. "Ka tambaye shi kafin ka yanke masa hukunci."

"Zan tambaye shi. Amma ita ba za ta jira ba."

Washegari ƙarfe bakwai ya sa Tsinke a mota ya kai ta asibiti. Dakta Edna, gajeriyar mace mai furfura da ba ta da yawan magana, ta duba ta, ta sa aka ɗaura mata ruwa nan take. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara jigata amma ba ta lalace ba. Hoton ƙafa ya nuna tsagewa a wani ɗan ƙaramin ƙashi na cikin gaɓar. Dakta Edna ta ɗaga hoton ga haske ta ce in da an ƙara sa ta gudu sau ɗaya, da ƙashin ya farfashe a kan kwana.

"Ta wa ce?" ta tambaya da Turanci.

"Ta surukina."

"Dole in rubuta lambar kunnenta a kati."

Davou ya tuna da roƙon Desmond. Ya kuma dubi karyar, ga allura a ƙafarta, idonta a buɗe tana bin sa da kallo. Ya ciro ledar audugar da kalandar daga jakarsa ya ajiye a kan teburi, ya gaya mata komai. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta ce ita ba za ta ga irin wannan ta yi shiru ba, za ta rubuta wa hukumar da ke kula da tsere a can jihar. Amma za ta ba shi zuwa Laraba, in mai karyar yana so ya riga ta kai maganar da bakinsa, zai fi masa kyau.

Da tsakar rana yana cin abinci a mota sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Muryar mace ce, dattijuwa, mai taushi, tana jan magana irin ta mutanen can. Ta ce sunanta Constance, ta ji an ce shi likita ne kuma yarinyarta tana wurinsa, ta gode ƙwarai. Yarinyarta ta kira ta. Ta ce karyar ba ta da komai sai ɗan ciwon jiki, ita ta san ta tun tana wata goma sha huɗu, a dawo mata da ita kafin Laraba don sunanta yana cikin jerin masu fita.

"Wane sunan?" in ji Davou.

Sai ta yi 'yar dariya.

"Ka yi magana da Desmond. Babu abin da ake yi a ɗakin karnukana da bai sani ba."

"Wa ya ba ki lambata?"

"Shi mana. Wa kuma?"

Bai jira Desmond ya zo da yamma ba. Ya nemi izini ya fita da wuri, ya bi babbar hanya ya shiga cunkoson Beltway, titin da ya zagaye birni, ya fi awa guda kafin ya isa Lanham. A hanya ya riƙa juya maganar. In Desmond yana ciki, me ya sa ya ɗauko karyar? In ba ya ciki, me ya sa ya ba matar lambarsa? Duk inda ya juya ta, sai ta ƙi zama.

Ya same shi a bayan gidan da yake haya, yana wanke kayan aiki a bokiti. Suka gaisa kamar kullum, Davou ya tambayi aiki, Desmond ya tambayi ƙanwarsa. Sannan Davou ya ce:

"Tana asibiti, Yaya. An rubuta lambarta."

Desmond ya ajiye abin da ke hannunsa. "Na roƙe ka fa."

"Ka roƙe ni. Da na bi roƙonka da yanzu ƙodarta ta tafi. Wace ce Penny?"

Desmond ya zauna a kan matakala. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa.

"'Yar'uwarta ce."

"Na sani. Tun yaushe ka san Tsinke ce ke gudu da sunanta?"

"Bai fi mako biyu ba. Na je ranar Talata ba tare da na sanar ba, sai na tarar kejinta babu kowa. Na fita fili, aka kira Valley Penny, na ga karyata sanye da riga mai lamba huɗu. Na san tafiyarta, Likita, ko a cikin ɗari zan gane ta. Na tare Constance, ta ce sau ɗaya ne kawai, Penny ce ta ji ciwo kuma ba ta so ta rasa gurbinta."

"Ka yarda da sau ɗaya?"

"A lokacin na yarda."

"Mako bakwai ne. Na ƙirga."

"Ban sani ba."

"Kusan kowane mako kana can. Ba ka ga tana ramewa ba?"

"Ta ce zafin bazara ne ke hana su ci."

"Kuma bayan ka gani da idonka ka bar ta ta sake fita har sau uku."

Desmond ya ɗaga kai. "Ka san abin da ke gabana a watan Oktoba. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar nan da za a kira ni ganawar zama ɗan ƙasa. Sunana ne a takardar karyar. Matar nan ta gaya mini ƙarara cewa in magana ta fito, mu biyu za ta ci, don babu wanda zai yarda mai kare bai san inda karensa yake ba. Ita 'yar garin ce, kowa ya san ta. Ni wane ne a can? Ranar Juma'a da na ga yadda Tsinke ta fito daga fili tana jan ƙafa, sai na kasa. Na kwana biyu a garin ina neman hanya, jiya da safe da ta tafi sayen nama na sa ta a mota na taho."

"Ta bugo mini yau. Ta ce babu abin da ba ka sani ba."

"Dole ta ce haka. So take ta ɗaure ni."

"Wa ya ba ta lambata?"

"Tun bara take wurinta. Ta ce in ba ta lambar wani nawa ko da wani abu zai faru, na ba ta taka."

Kowace tambaya tana da amsa, kuma kowace amsa tana iya zama gaskiya. Abin da ya dami Davou ke nan. Ya san Desmond shekara ashirin da biyu, Desmond ɗin ne ya tsaya a madadin uba ranar aurensu, amma yau yana kallon fuskarsa ya kasa karanta komai a cikinta.

"Wa ya zana harafin kunnenta?"

"Ita."

"Ka ga lokacin da ta yi?"

"A'a."

"To yaya aka yi ka san akwai zane? Ban ambaci kunne ba sai yanzu."

"Ai dole da kunne za a yi. Da me kuma za a wuce mai dubawa?"

Wannan ma tana iya zama gaskiya. Davou ya gaya masa sharaɗin Dakta Edna. Desmond ya ce an kashe shi. Davou ya ce ba a kashe shi ba, an ba shi kwana biyu ne, kuma wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Suka yi ta ja har rana ta yi sanyi. A ƙarshe Olive ce ta bugo daga wurin aiki, ta ce a ba ta yayanta. Da yarensu na Kagoro ta yi masa magana, wanda Davou ba ya ji sai kalma ɗaya-ɗaya. Ta yi minti goma tana yi, shi kuma yana cewa to, to. Da ya miƙo wayar ya ce zai rubuta.

Ranar Talata da yamma ya zo Germantown, suka zauna a teburin cin abinci ya rubuta takardar da hannunsa. Davou ya lura cewa a takardar ya sa mako biyu, kamar yadda ya faɗa. Dakta Edna ta haɗa da nata rahoton da hotuna ta aika.

Maganar ta ɗauki wata biyar. An kira Desmond sau biyu ya je ya amsa tambayoyi. Constance ta ce da saninsa aka fara tun Yuli, shi ya ce ƙarya take yi, kuma ba a sami wani na uku da zai raba su ba. A ƙarshe an karɓe lasisinta, an raba karnukanta ga wasu masu horarwa. Shi ba a same shi da laifi ba, an dai gargaɗe shi a kan jinkirin da ya yi. Ainihin Penny kuwa an same ta a wata gona a bayan gari, ƙafarta ta gaba ta warke a karkace. Ganawarsa ta Oktoba ta zo ta wuce lafiya, ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa kafin Kirsimeti.

Tsinke ta yi kwana huɗu a asibiti, ta yi mako takwas da ɗauri a ƙafa. A garejin Davou ta yi jinya. Kowace safiya kafin ya tafi aiki yakan fita da ita, da farko zuwa bakin titi kawai, daga baya har su zaga unguwa. Ta yi ƙiba kaɗan, gashinta ya dawo da sheƙi, amma Dakta Edna ta ce ta gama tsere ke nan. Desmond ya sa hannu ya sallama ta ga ƙungiyar nan mai nema wa karnuka gida. Wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati mai suna Selina, da ke zaune ita kaɗai a Greenbelt, ita ta ɗauke ta. Lokaci-lokaci takan kawo ta asibiti a yi mata allura, ta ce ba ta taɓa ganin dabba mai son barci irin wannan ba, awa goma sha takwas take yi a kan kujera.

Zumunci bai yanke ba. Desmond ya ci gaba da zuwa cin abinci, Davou ya ci gaba da kiransa Yaya. Sai dai hirar tsere ta fita daga bakinsu, kuma in su biyu kaɗai suka rage a falo, ɗaya yakan tashi ya ƙara sautin talabijin. Davou ya taɓa tambayar Olive abin da ta gaya wa yayanta a waya ran nan. Ta ce ta gaya masa ya rubuta ne kawai. Ya ce minti goma? Ta ce Yaya yana da taurin kai.

Bayan shekara biyu, a wurin wani bikin suna a Lanham, Desmond ya ja shi gefe ya nuna masa hoto a waya. Wani ɗan kwikwiyo ne ja, mai dogayen ƙafafu, tsaye a cikin ciyawa.

"Wata takwas. Uwarsa ta yi suna ƙwarai. Wannan karon da kai za a yi, Likita, kai za ka riƙa duba shi, kai za ka faɗi ranar da zai fita da ranar da zai huta."

Davou ya karɓi wayar ya ƙara girman hoton, ya dubi ƙafafun da ƙirjin. Kare ne mai kyau.

"A hannun wa zai zauna?"

"Wani mutum ne, mutumin kirki. Ba irin waccan ba."

"Ka turo mini cikakken sunansa da sunan ɗakin karnukansa. Zan duba yadda karnukansa ke fita, na wata shida baya. In na ga abin da ya kwanta mini, sai mu yi magana."

"Ba damuwa, gobe zan turo."

Davou ya mayar masa da wayar, suka koma cikin mutane. Gobe ta zo bai turo ba. Da suka haɗu a mako na gaba bai tayar da maganar ba, Davou ma bai tuna masa ba.